Zaman makoki a ƙofar tsohon direban jirgi

Mu mutanen Gwaram ba mu san jirgin ƙasa ba, sai dai wanda ya je Kano ya dawo yana cika mana baki. Sai ga ni an tura ni koyon gyaran injin ban ruwa a wani ɗan gari a Faransa, garin da jirgin ƙasa ne ya kafa shi. Da can gonaki ne kawai. Da aka shimfiɗa layin dogo aka gina tasha da babban shagon gyaran jirage, ma'aikata suka taru, aka yi musu gidaje iri ɗaya a jere. Da aka rufe shagon, yawancinsu suka watse. A wani ɓangare na tsohon shagon nan muke koyon aiki.

Wanda ya ba ni wannan tarihin maƙwabcina ne, wani tsoho da ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa jirgi. Shi kaɗai yake tsayawa ya amsa gaisuwata. Sauran kuwa, kafin ka rufe baki sun yi gaba. Ina ce masa Baba, yana dariya. Da yamma mukan zauna a bencin ƙofar gidansa, ni da guntun Faransancina, shi yana ƙarasa mini da hannu. In jirgi ya wuce bai tsaya ba, sai ya duba agogo ya girgiza kai.

Ranar da ya rasu, mai sayar da burodi ce ta gaya mini. Na yi wanka, na sa babbar riga, na tafi zaman makoki. A raina zan tarar da tabarmi da jama'a, kamar a ƙauyenmu Zandam in dattijo ya kwanta dama. Na tarar da ƙofa a kulle. Na zauna a bencin ina jiran masu ta'aziyya. Can wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Ɗansa ya zo an ɗauke gawar. Ba wanda zai zo."

Kunya ta kama ni. Amma zuciyata ta ƙi yarda mutumin nan ya tafi ba wanda ya zauna masa. Washegari na dawo, ni kaɗai. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar nan ba.

A rana ta uku maƙwabciyar nan ta fito, ta tsaya a gabana ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Wai kai ɗan'uwansa ne?"

Na ce mata eh.