Dokta Giɗaɗo da Farantan da Aka Wanke

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, bakwai ga Mayun 2025, mutuwa ta shigo Aliero ba sallama, ta ɗauke malaminmu, Dokta Giɗaɗo Andarai, masanin kimiyyar sinadarai.

Dokta, ni ne Anas, mafi surutun ɗalibanka, wanda ka kora daga ɗakin gwaji sau uku, ka kuma aika a kira shi cin tuwo sau uku.

Shekara shida kana ɗebo ruwan rini daga magudanar marina a Jega, ruwan da ke gangarawa lambunan albasa. Ka shafe farantai biyu da girafin, baƙin sinadarin gawayi wanda ɓawon albasa ya fi shi kauri, ka tsoma su, ka saki lantarki, shuɗin ruwa ya koma garau. Ma'abota zaman benci suka naɗa maka sarautar Mai Wankin Ruwa. Ka karɓa, ba ka ko nemi rawani ba.

Ga musiba ta biyu. Ranar sadakar uku, yayarka Inna Iyatu ta tarar da farantan a ɗakinka, inda ka adana su lokacin jinya. Ta sa toka da soso ta dirje su har suna ƙyalli.

"Anas," ta ce mini, "ƙanena ba shi barin ƙazanta bayanai. Ga su nan, na hidda baƙin duka."

Aikin shekara shida ya bi ruwan wanke-wanke. Na yi mata godiya, domin ƙauna ce ta yi dirzar.

Yanzu masu benci na shelar cewa an binne aikin tare da kai. To, su saurara da kunnen basira. Littafinka yana hannunmu, da rubutunka mai kama da sawun kaji, kuma mun iya karanta shi. Manoman da ka yi wa alkawarin ruwa mai tsabta ba za su shiga wani rani da shuɗi a kwalbatinsu ba. Jiya mun shafe farantin farko da girafin. Ya ɓare. Yau za mu sake.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Hajiya Bushira da yara haƙuri. Inna Iyatu, Allah Ya ba ki dangana. Ranar addu'ar arba'in za mu kawo miki farantan baƙi ƙirin, ke ce za ki tsoma su a ruwan rini da hannunki.