Giram Ɗari Biyu na Mai Sikeli

Matakala ashirin da biyu ce tsakanin titi da shagon Mai Sikeli, kuma babu wadda gwiwarsa ta hagu ba ta sani ba. Shagon yana saman wani tsohon bene a bayan kasuwa, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, maƙare da sikeli iri-iri: na mahauta, na masu hatsi, na gidajen burodi, har da ƙananan nan na maƙeran zinariya da ake rufewa cikin gilashi don kada numfashin mutum ya motsa su. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran su. A ƙarƙashin teburinsa akwai akwatin katako inda yake ajiye duwatsun awo, ƙarafa masu hatimi daga giram ɗaya har kilo ashirin, kuma ba ya barin kowa ya taɓa su da hannu mai gumi.

Mutum ne da ba ya ɗaukar wargi a kan awo. An taɓa kawo masa sikeli aka ce ya ɗan lallaɓa shi ya riƙa cin giram hamsin a kowane kilo. Ya tura wa mai shi kayansa, ya bi shi da faɗa tun daga saman bene har bakin titi. Lokacin ke nan da gwiwar take da lafiya. Daga baya zama ya yi yawa, shayi mai sukari ya yi yawa, jiki ya buɗe, gwiwar ta fara ƙara kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Da aka kai ga yana ɗaukar minti bakwai kafin ya hau shagonsa, matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likitan ƙashi ya duba hoton gwiwar ya ce sai an yi tiyata, har ya sa rana, wata huɗu masu zuwa. Amma da sharaɗi. Mai Sikeli kilo ɗari da sha biyu ne, kuma ba za a taɓa shi ba sai ya sauko ɗari da biyu.

"Baba, ka rage ci," in ji likitan, idonsa na kan kwamfuta. "Musamman ciye-ciyen yamma."

"To, Likita, me zan ci, me zan bari?"

Kafin ya rufe baki nas ta buɗe ƙofa tana kiran na gaba. Ganawar duka ba ta cika minti uku ba, ya duba agogon bango. Dattijo ya zo da gwiwarsa da tambayarsa, aka karɓi gwiwar aka bar shi da tambayar, wai an duba shi ke nan.

Tunda babu wanda ya gaya masa, sai ya koma ga abin da ya sani. A cikin motar komawa gida ya yi lissafinsa tsaf: jikin mutum buhu ne, abin da aka zuba a ciki shi ke ƙara masa nauyi, don haka a rage nauyin abin da ake zubawa. Ya raba karin kumallo biyu, ya raba abincin rana biyu. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan ya dawo gida da ƙarfe biyar, lokacin da yunwa ke taso masa kamar an aiko ta. Nan ya yanke wa kansa hukunci: giram ɗari biyu na abin motsa baki, ba ƙari ko ɗaya. Ya ɗauko ƙaramin sikeli daga shago ya kafa shi a kan teburin falo, kusa da rediyo.

Ranar farko matarsa ta kawo masa faranti, ta yanka kankana da kokwamba da karas, ta jera su gwanin sha'awa. Ya ɗora farantin a kan sikeli, ya cire nauyin farantin, ya zaro ido.

"Giram ɗari shida da arba'in! Maman Auta, kashe ni za ki yi? Fiye da rabin kilo fa ke nan, a zama ɗaya!"

"Malam, ai ruwa ne kawai."

"Ruwan ba shi da nauyi ne? Ɗauke, don Allah."

Ta ɗauke. Ita kuwa ba ta iya zubar da abinci, sai ta zauna a gefe ta cinye. Washegari ya tsaya a kantin bakin layi ya yi ta juya ledoji yana karanta nauyin da aka rubuta a jikinsu, ransa fari ƙal. Soyayyen dankali, leda guda mai girma, giram arba'in da biyar kacal. Biskit mai kirim, ƙwaya shida, giram sittin. Cakulan, hamsin. Ya cike gurbin da soyayyar gyaɗa har allurar sikeli ta tsaya cak a kan ɗari biyu. In ƙwayar gyaɗa ɗaya ta haura, sai ya cire ta ya mayar cikin kwalba. Yana da ɗan littafi mai baƙin bango, kullum sai ya rubuta abin da ya ci da nauyinsa, da rubutun nan nasa ƙanana kamar tururuwa.

Kada wani ya ce mutumin nan bai wahala ba. Ya wahala. Da rana a shago cikinsa kuka yake, mahauta suna kawo masa sikeli suna ƙanshin gasasshen nama yana kawar da kai. Shayin da ya shekara arba'in yana sha da cokali uku na sukari ya koma shan sa salam. Ita ma matar ba ta gaji ba, duk yamma sai ta yanko kayanta, wata rana tuffa, wata rana lemo, ko Allah zai sa ya canza ra'ayi. Duk yamma sai ya auna ya mayar mata, ta zauna ta cinye.

Ƙarshen kowane wata ake zuwa awo. Sikelin asibitin yana wani lungu kusa da wata ƙofa mai launin ruwan toka da kullum take rufe, kuma mai kula da shi wata nas ce mai tabarau wadda ba ta kallon fuskar mutum, lamba kawai take kallo. Wata na farko, ɗari da sha ɗaya. Wata na biyu, ɗari da sha ɗaya da rabi.

"Baba, ba ka bin doka," ta ce.

"'Yata, wallahi ina bi. Komai sai na auna."

"Duk haka kuke cewa. Na gaba!"

Duk haka kuke cewa! Mutumin da kasuwa guda take rantsuwa da awonsa, yarinyar da ba ta kai shekarun akwatin duwatsunsa ba ta kira shi maƙaryaci a gaban layi. Ya haɗiye, ya fita yana ɗingishi. Ba shi da inda zai auna kansa ya ƙaryata ta, don manyan sikelin buhu ba sa hawa benensa, su kuma na banɗaki da ake sayarwa a kanti, a wurinsa kayan wasan yara ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wayar da 'yarsu Auta ta yi daga garin da take koyarwa. Bayan gaisuwa sai ta sassauta murya ta ce, "Baba, ko dai kana ɗan taɓa wani abu a shago? Ba zan gaya wa Mama ba." Ya kashe wayar. A watan ya rage abincin rana har ya kusa zama babu, amma giram ɗari biyun nan na yamma bai taɓa su ba, don su ne ya tabbatar da halaccinsu.

Wata na uku ya ba da ɗari da goma da rabi. Nan ya gama yanke shawara cewa sikelin asibitin ne maƙaryaci. Ranar awon ƙarshe ya roƙi wani mahauci abokinsa ya sauko masa da dutsen kilo ashirin ya sa a mota, suka rankaya tare da matarsa. Ya hau sikelin, lamba ta nuna ɗari da goma daidai. Nas ta ɗauki biro.

"Dakata," in ji Mai Sikeli. "Yau ni zan auna shi."

Mahaucin ya dire ƙarfen a kan sikelin, ƙarar ta cika lungun, layi duk ya miƙe tsaye. Nas ta fara masifa cewa nan ba kasuwa ba ce, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ya sunkuya da ƙyar ya duba: ashirin daidai. Ya matsar da ƙarfen kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, yadda ake gwada sikeli, ko'ina ashirin. Ya hau tare da ƙarfen, ɗari da talatin. Ko giram ɗari bai kauce ba. A shekara talatin da huɗu bai ga sikeli da yawa masu gaskiyar wannan ba, kuma bai taɓa jin haushin sikeli mai gaskiya ba sai yau. Ya sauko daga kan sikelin.

"Sikelinku lafiyarsa ƙalau," ya faɗa da ƙarfi, don kowa ya ji, tunda da ƙarfi ya zarge shi.

Hayaniyar ce ta sa ƙofar nan mai ruwan toka ta buɗe, wata dattijuwa ta leƙo. Ashe ita ce mai ba marasa lafiya shawara a kan abinci. Ta ji abin da ya faru, ta ga littafin a aljihun rigarsa, ta ce ya ba ta. Ta buɗe shafi ɗaya, ta buɗe na biyu, ta ɗago ta dube shi, kuma Allah Ya saka mata, ba ta yi dariya ba.

"Baba, kilo ɗaya na ruwa da kilo ɗaya na fetur, nauyinsu ɗaya ne?"

"Ɗaya ne mana."

"Wanne ke tayar da mota?"

Ya sunkuyo kan littafin. Ta nuna masa da yatsa: wannan mai ne, wannan sukari ne, wannan mai da sukari ne a haɗe. Abin da yake ci cikin giram ɗari biyun nan ya kusa rabin abin da jikinsa ke buƙata a yini. Duk yunwar da ya sha da rana, da yamma yake mayar da ita. Da ya ci kokwamba, karas, tuffa guda, dafaffen ƙwai ko yogot marar sukari, ko da faranti ya cika, da yanzu wani zancen ake. Ta tambaye shi ina takardar da aka ba shi ta zuwa wurinta tun ranar farko.

"Wace takarda?"

Ta juya ta dubi nas. Nas ta duƙufa gyaran tabarau. Mai Sikeli ya auna tazarar da ido, don ba ya iya ganin abu bai auna ba: taku huɗu ne tsakanin sikelin da ƙofar. Sau huɗu ya tsaya a wurin nan ana gaya masa ba ya bin doka, dokar kuwa tana zaune bayan ƙofa taku huɗu daga ƙafarsa, kuma bayaninta bai ci minti biyu ba.

Ya shiga wurin likita ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Likitan ya ce a yi haƙuri, kuskure ne, amma da wannan nauyin ba zai yi tiyata ba, kuma ranar tasa an riga an ba wani. Gurbi na gaba sai bayan wata shida.

Har suka isa gida bai daina faɗa ba. Ya caccaki likita, ya caccaki nas, ya caccaki masu yin biskit da suke rubuta nauyi da manyan baƙaƙe su ɓoye sauran a ƙanana. Ƙarfe biyar na yi matar ta ajiye masa farantinta a kan tebur. Sai a lokacin ya lura da ita sosai. Wuyanta ya fito, zoben hannunta yana juyawa, rigar da ke jikinta an yi mata sabon ɗinki a gefe.

"Yaushe kika rame haka?"

"Sau biyu ina kai kayana wurin tela. Wata huɗu ina cin abin da kake mayar min, ba na iya cin abincin dare sosai."

"Kina gani kika yi shiru? Mutum ɗaya bai iya gaya min ba?"

"Na gaya maka, Malam. Ranar farko na ce ruwa ne. Sau uku ina maimaitawa, ka ce sikeli ba ya ƙarya."

Ya buɗe baki, ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Ya ture ƙaramin sikelin gefe, ya jawo farantin, ya shiga tauna kokwamba da ƙarfi kamar ita ta yi masa laifi. Matar ta miƙa hannu za ta ɗauki yanka ɗaya, bisa sabo, ya janye farantin.

Da safe ya tsaya a gindin benen, ya kama ƙarfen gefe, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar shagonsa can sama. Bai so yin lissafin ba, amma kansa ya riga ya yi: ashirin da biyu hawa, ashirin da biyu sauka, kwana shida a mako, wata shida. Ya ɗora ƙafar dama, ya jawo ta hagu, ya cije leɓe.

"Ɗaya," ya ce.