Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ke mai rubutu, sa shi yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki. In kuka ya zo mini ki dakata, zai wuce.

A ƙauyenmu, nan gefen Yekuwa, kowane namiji likita ne in dai maganar fitsarin jini ce. Yaro ya yi iyo a tafki da damina, fitsarinsa ya yi ja, sai a yi dariya a ce ya zama namiji. Tsargiya ce, wa bai yi ba? Maigidana ya yi ta yana yaro, ta tafi. Da jinin ya dawo masa bayan gemu ya yi fari, sai ya tarbe shi kamar tsohon aboki.

Ni ke share bayan ɗaki, ni na fara ganin ƙasa ta yi ja. Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Shara aka sa ki ko bincike? Ai ba ya ciwo."

Ba ya ciwo kuwa. Da ya yi ciwo tun farko, wataƙila da yanzu ba ni kaɗai nake shan fura ba.

Manyan likitocin gindin gawo, wato abokan hirarsa, suka zauna a kan lamarin. Wannan ya ce zafin rana ne, wancan ya ce gyaɗa ce ta yi masa yawa. Ƙanensa ya kawo sassaƙe. Wani ya sayo ƙwayoyi ja da rawaya a kasuwar Dogo-Dogo, irin waɗanda ke maganin komai, daga ciwon kai har kasalar jaki. Jinin ya ɗauke na ɗan lokaci, aka yi ta yaba wa juna basira. Ya dawo da gudaji. Muka girbe gero, muka cinye, muka sake shuka, ana nan ana shan jiƙo.

Sai ranar da fitsarin ya tsaya cak, yana murƙususu a kan tabarma, aka tuna akwai hanyar asibitin Magarya. A amalanke muka kai shi bakin titi. Daga Magarya suka tura mu Damagaram. Likita ya goga masa na'ura a mara, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, tun yaushe kake ganin jini?"

Malam ya ce, "Kwanan nan ne."

Na ce, "Tun kakar bara waccan."

Likita ya ce ciwon daji ne a mafitsara, ya riga ya yaɗu. Ya ce tsargiyar da ta daɗe a jiki takan share masa fili, kuma da mun zo tun ganin farko, da akwai abin yi. Muka dawo da robar fitsari a jikinsa da 'yar jaka a ƙarƙashin riga. Mutumin da ke jin kunyar cewa "fitsari" a gaban likita, ga shi yana ɗauke da nasa a hannu. Ni nake zubar masa, yana kau da kai. Bai ga roron wake ba. Wayyo Malam.

Likitocin gawo suka zo gaisuwa, suna cewa kwana ya ƙare. Gaskiya ne. Amma Allahn da ya yanke kwana shi ya bar hanyar Magarya a buɗe.

Ban daɗe da fita takaba ba surukata ta same ni a bakin rijiya, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, bayan ɗakinmu ma ƙasa ta fara ja." Mijinta ɗan farina ne. Kin san al'ada: ban taɓa kiran sunansa ba, ba na haɗa ido da shi, in zan yi maganarsa sai in ce "wancan". Na aika masa ƙanen ubansa, mai sassaƙen nan. Ya dawo ya ce, "Kwantar da hankalinki, tsargiya ce, gado ya yi."

Gado. Na yafa zane na nufi gindin gawo. Suna zaune, shi yana gefe yana gyaran ƙotar hauya. Na kira sunansa da ƙarfi. Sunan ya yi mini nauyi a baki kamar dutsen niƙa.

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi! Ina kunya?"

Na ce, "Tana maƙabarta, tare da Malam kuka binne ta. Kai kuma ɗana, fitsarinka jini ne. Ko ka hau moto zuwa asibiti yanzu, ko in bi ka masallaci in maimaita."

Ya ce, "Haba Inna, a gaban mutane?"

Na ce, "Waɗannan? Ai likitoci ne."

Ya hau. A Damagaram suka ga wani ɗan tsiro, suka ce da wuri aka zo, suka cire, suka ce ya riƙa komawa ana dubawa. Yana komawa, don ya san ina da baki.

Har yau ana cewa tsohuwar nan ta zubar da mutunci. Shi ma in ya zo gaishe ni, ƙasa yake kallo. Ya yi ta kallo. Ni dai ina jin takunsa a ƙofar gida kowace safiya, takun ubansa sak, sai in juya in share ido kafin in amsa.