Na Kwashe Sukarin Gidana, Na Kusa Rasa Matata

Assalamu alaikum, Edita. Ina neman fili in faɗi abin da na aikata da hannuna, ko Allah zai sa wani ya tsira.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da sito a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna, ko ƙusa ba ta taɓa ɓacewa a hannuna ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya tsari. Da na yi ritaya sai na dawo da halin nan gidana a Hayin Banki. Lokacin cin abinci sananne ne, kuma idan na yi magana ba a maimaitawa. Mai ɗakina mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa yi mini musu ba. Ta daɗe da ciwon suga, tana shan ƙwayar asibiti safe da yamma.

Wani tsohon abokin aikina ne ya kai ni wani shago a Abakpa, inda wani mutum mai iya magana yake koyar da abin da ya kira gyaran jiki baki ɗaya. Ya ba mu takardar kwana arba'in, komai da lokacinsa, kuma jerin nan shi ya kama ni. Bayan Asuba ruwan kuɓewa, sai tafiyar ƙafa. Da hantsi ruwan shuwaka. Da rana faten acca ludayi biyu da zogale, da yamma ganye kawai. Ba tuwo, ba shinkafa, ba wani abu mai zaƙi, ga kuma azumin Litinin da Alhamis. Ya ce idan aka ji jiri ko gumi ko rawar jiki kada a tsorata, dattin jiki ne ke fita.

Ban nemi shawarar likita ba. A wayona sai na ce mai ɗakina za ta bi tsarin amma ba za ta bar ƙwayar ba, a haɗa biyun don aiki ya yi sauri. Na liƙa takardar a ƙofar kicin. Daga nan na tattara sukari da zuma da dabino na rabar wa maƙwabta. A rana ta goma sha biyu ta ce mini hannunta na rawa, zuciyarta na bugawa, ko zan bari ta ci loma biyu ta tuwo. Na nuna mata takardar. Ta ce to, Alhaji.

Rana ta goma sha bakwai Alhamis ce. Ta sha ƙwayarta da sahur a kan ganye, muka taka har kusa da Kawo muka dawo. Da na dawo daga sallar Azahar sai na tarar da ita zaune a ƙasa a tsakar gida, gumi ya jiƙe mata riga, jikinta sanyi ƙalau. Tana kallona kamar baƙo, tana kiran yayarta da ta rasu tuntuni. Can ta fashe da dariya, ta zage ni, matar da ko sunana ba ta faɗa. Matan maƙwabta suka cika gidan, suka ce iska ce, wata har ta fara hayaƙin turare. Na fita da gudu ba takalmi, na ɗauko dattijon malamin da ke koyar da Alƙur'ani a layinmu.

Malam bai fara da karatu ba. Ya tambaye ni me ta ci, kuma ko ta sha magani. Da na faɗa masa sai ya ce a kawo sukari maza. Na ce babu a gidan. Ya zura hannu aljihu ya fito da dabino, kuma a nan na yi abin da har gobe yake sa ni kunya. Na riƙe masa hannu, na ce azumi take yi, kuma tsarin ya hana zaƙi. Ya fizge, ya daka mini tsawa a gaban mata, ya tambaye ni ko gawa ce za ta cika mini kwana arba'in ɗin. Ya ce shi ma ciwon ne da shi, shi ya sa aljihunsa ba ya rabuwa da dabino, kuma karya azumin nan wajibi ne. Kafin ya rufe baki wata maƙwabciya ta dawo da gwangwanin sukari. Na gane shi, nawa ne da na ba ta. Aka dama a kofi, ina ba ta da cokali tunda tana iya haɗiya, rabi yana zuba a haɓarta. Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, idonta ya dawo, ta ja mayafi ta rufe kai, ta ga kofin, sannan ta ce in yi haƙuri ta ɓata mini tsari.

A asibiti likita ta ce sugan ne ya faɗi ƙasa sosai, da mun ƙara jinkiri da ta suma, mai yiwuwa ba ta farka ba. Ta ce zogale da tafiya ba laifi ba ne. Laifin shi ne rage abinci da yin azumi a kan ƙwayar da aka auna da cikakken ci, ba tare da gwaji ba.

Har yanzu idan ta yi shiru a ɗaki sai gabana ya faɗi, in leƙa. Na gane cewa takardar ba ta san matata ba, ita kuwa ta faɗa mini gaskiyar jikinta na ƙi ji. Don haka ina gargaɗin magidanta irina. Na farko, kada ka canza abincin mai shan magani sai likitansa ya sani. Na biyu, kada gidan mai ciwon suga ya rasa sukari. Na uku, wanda ba ya iya yi maka musu, idan ya ce jikinsa ba daidai ba, ka saurara tun a karon farko. Na yage takardar. Gwangwanin sukarin kuwa yana kan kantar kicin, inda hannunta zai kai ko ba na gida.