Littafin Dabbobi a Cikin Audugar Baba

Ina aji uku a makarantar mishan ta ƙauyenmu, can gefen Kafur, Malama ta shigo wata safiya da wani littafi a hammata. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, kuma duk littafin da muka sani a lokacin baƙi da fari ne. Da ta buɗe wannan sai aji gaba ɗaya ya ɗauki "Kai!" Zaki ne a shafin farko, gezarsa ta cika takarda, idanunsa kamar zai tanka. Bayansa ga giwa, ga raƙumin dawa, ga dorina ta wangale baki, kowace dabba da launinta, da sunanta a ƙasa da manyan baƙaƙe. Har bushiya tana ciki, wadda muke tuntuɓe da ita a bayan gida ba mu taɓa zaton ta isa shiga littafi ba.

Malama ta ce na darasin sanin halitta ne, kuma shi kaɗai makaranta take da shi. Kowace Juma'a ɗalibi ɗaya zai tafi da shi gida ya nuna wa iyayensa, ya dawo da shi Litinin yadda ya karɓa.

Layi ya zo kaina a tsakiyar kakar auduga. Ranar ban san yadda na isa gida ba, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na wanke hannu har sau biyu, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ya taru. Ƙannena suna ta ihu, ina ta bugun yatsunsu.

Kaka ta daɗe tana duban raƙumin dawa, sannan ta ce, "Ke kishiyata, wannan in tari ya kama shi, sai yaushe magani zai isa ciki?"

Muka yi dariya har Inna ta kusa ƙona miya.

Da aka watse damuwa ta fara. Ni haka Allah ya yi ni, ba a ba ni ajiya hankalina ya kwanta. Ƙarƙashin tabarma akwai gara. Rumbu akwai ɓera. Cikin kwanukan Inna akwai maiƙo, kan katanga kuma akuyarmu ba ta bar komai ba, ta taɓa cinye takardar waƙoƙin sujada. Ina ta zagaye da littafi a ƙirji sai idona ya faɗa kan tarin audugar Baba a ɗakin ajiya. Fara fat, busasshiya, an ɗora ta kan karare don kada ta taɓa ƙasa, kuma an hana yara kusantarta. Na ce duk gidan nan ba wurin da ya fi nan tsabta. Na naɗe littafin a ɗankwalina na zuwa sujada, na tura shi ciki har hannuna ya nutse zuwa kafaɗa. Ban gaya wa kowa ba, don kada ƙannena su ji.

Asabar da safe Inna ta aike ni rafi. Ina dawowa na sauke tulu na leƙa ɗakin. Karare kawai na gani.

"Inna, ina auduga?"

"Babanki ya tafi da ita fuloti. Me ya same ki kike rawar baki?"

Fuloti nan ne ake sayen auduga, a bakin hanyar Malumfashi. Kafin a ɗora kaya kan sikeli sai malamin duba auduga ya sa an kwance, ya tura hannu ciki, domin akwai masu cusa dutse ko jiƙaƙƙen yashi don kaya ya yi nauyi. Wanda aka kama, a gaban jama'a ake faɗa, kuma maganar ba ta mutuwa. Baba kuwa dattijo ne a ikilisiya, kowa ya san shi da tsabtar kaya. Shi da ƙanensa runguma-runguma suka kwashe tarin suka ɗaure a ashasha, ba su ji komai ba.

Ban tsaya yi wa Inna bayani ba. Na yanka ta cikin gonakin dawa da aka girbe, kututture yana sukar ƙafata, ina gudu ina addu'a Allah ya sa layi ya yi tsawo.

Na tarar da fuloti cike da jakuna da hayaniya. Na hango hular Baba can gaba, kayansa a kwance, malamin ya durƙusa hannunsa a ciki. Ina kutsawa na ga hannun ya tsaya. Ya ɗago ya dubi Baba, ya zaro ƙunshi.

"Dattijo, kai ma?"

Kowa ya juyo. Wani daga baya ya ce, "Falalen dutse ne, ku dubi faɗinsa." Baba ya zuba wa ƙunshin ido, leɓensa yana motsi.

"Malam, ba dutse ba ne! Na makaranta ne! Ni na sa!"

Muryata ta fita kamar ta ɗan akuya. Malamin ya dube ni, ya warware ɗankwalin, ya buɗe. Zaki ya zuba masa ido.

"La'ilaha!" ya ce, har ya ja da baya. Sai ya fashe da dariya. "Dattijo, na sha ciro dutse, na sha ciro yashi, yau ne na fara ciro zaki!"

Shi ke nan, layi ya watse. Manoma suka yi caa a kanmu, kowa yana miƙo wuya. Malamin ya ce a matsa, ya ɗora ni kan wani dami ya miƙo mini littafin. "Karanta mana, 'yar makaranta. Amma kowa ya riƙe hannunsa." Ina buɗewa ina faɗin suna, su kuma suna amsawa kamar 'yan aji. Wani tsoho ya rantse kakansa ya taɓa ganin giwa a dajin yamma, aka yi ta musu. Wani Bafulatani da ya kawo kayan maƙwabcinsa ya ga saniyar Turai ya riƙe baki.

"Wannan ba tozo ba ƙaho, wa ya cuce ta haka?"

"Kai dai kishi kake," in ji mai sikeli, "dubi hantsarta!"

Sai da aka kai shafin ƙarshe malamin ya koma aikinsa. Ya sake bin audugar Baba tsaf a gaban kowa, ya ɗaga murya ya ce auduga ce lamba ɗaya.

A hanyar gida Baba ya ɗora ni kan jaki, shi yana tafe a ƙasa. Ina ta jiran faɗa. Sai da muka wuce rafi ya ce, "Uwata, gobe in za ki ba audugata ajiya, ki gaya wa mai audugar." Can ya ƙara da cewa, "Wace ce ma mai babban bakin nan?"

"Dorina, Baba."

"In mun isa ki sake nuna mini ita."

Ranar Lahadi, daga dawowa sujada, na zauna da tsinke ina cire zaren auduga daga tsakanin shafuka. Littafin kuwa cikin akwatin Baba ya kwana, makulli a aljihunsa.