Kawu Ilu da Matakan Elektaron

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Magarya ya san ba ya hawa matakala kamar sauran bayin Allah. Haɗa ƙafafu yake yi ya daka tsalle, tim! Ko a ƙofar masallaci ne. In an yi dariya ya ce, "Elektaron ba ya tsayawa tsakanin mataki da mataki, ni ne zan tsaya?" Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyyar fizik a lise, wato babbar sakandare. Ya ajiye alli, amma fizik ya ƙi ajiye shi.

Bara aka miƙa ni hannunsa. Uku bisa ashirin na ci a jarrabawar fizik, Baba kuwa ya rantse in na sake faɗuwa, ƙauyenmu Yekuwa zan koma in yi ta korar amalanke har furfura.

Ranar farko matarsa Inna Hure ta kawo tuwo. Kawu ya zauna tsakiya, wai shi ne cibiyar atom. Kwanon da ke gabansa mutum biyu, na nesa mutum takwas. Na hango nama a na kusa, na miƙa hannu. Ya make ni.

"Matakin farko ya cika, Habu. Matsa waje!"

"Haba Kawu, can ko ƙashi babu!"

"Na nesa da cibiya shi ne mai ƙarfi. Me mai ƙarfi zai yi da nama?"

Wata rana za mu Waca, direba ya cusa mutum na uku a kujerar gaba. Kawu ya ce gaba biyu take ɗauka.

"Malam, wa ya faɗa?"

"Atom."

"To atom ɗin ya zo ya zuba mini esans a tankin mota!"

Wallahi sauka muka yi. Sai bayan la'asar muka samu wata motar, ita kuwa huɗu ne a gaba, sai Kawu ya rufe ido.

Kayan gwaji kuwa ko na dala bai taɓa saya ba. Gishirin Inna Hure ya ɗebo, ya watsa cikin wutar murhu, sai harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa.

"Ka gani, ɗan nema? Zafi ya ɗaga elektaron sama. Da ya faɗo matakinsa, sai ya amayar da ƙarfin, ya zama haske."

Na ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa, har gwangwanin gishirin ya ƙare. Inna Hure ta fito da ludayi a hannu.

"Malam, elektaron ɗin naka zan zuba a miya?"

Kwana uku muna shan lami, amma ranar ce abin ya shiga kwanyata.

Da sakamako ya fito, sha huɗu na ci. Na ruga gida, na tarar da Kawu kwance, ciwo ya cinye shi. Ya kai takardar kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ina sauran shidan? Sayarwa ka yi?"

Baba ya bar ni a lakol, na ci gaba da karatu. Kawu bai ƙara sati biyu ba. Bayan an kai shi, Inna Hure ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini hularsa. Takardata ce a ciki, an ninke ta huɗu, gumi ya jiƙa gefenta.

Ban samu na ce masa na gode ba. Ya Allah, Kai ka isar masa. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka ba Inna Hure haƙuri. Amin.