Rigar Anko Mai Gaba Biyu

Ko da zan manta ranar da na fara taka ƙasar Amurka, ba zan manta bazarar da na ɗinka wa kaina rigar anko a Greensboro ba. Har yau in na ji ƙamshin tsire sai gabana ya ɗan faɗi.

Lokacin maigidana yana karatun digiri na uku, muna haya a wani ɗan gida a unguwar Glenwood. Wata ƙawarmu ta haihu, aka fitar da anko, atamfa shuɗiya da aka yo oda tun daga Kano, kowace mace turmi ɗaya, babu ƙari. Tela ɗaya muke da ita a garin, wata Anti 'yar Nijar, ɗinki kuma ya yi mata yawa. Maimakon in bi layi kamar kowa, sai bakina ya ja mini. A gaban mata na ce ai ni na iya ɗinki, da kaina zan yi. Gaskiyar magana, iyakar abin da na taɓa ɗinkawa a duniya rigar filo ce.

Na sayi tsohon keken ɗinki a wani shagon gwanjo da ke titin Wendover, a nan kuma na ga ambulan mai hoton Baturiya sanye da rigar shan iska. Mai shagon ta ce a ciki akwai takardun da ake shimfiɗawa kan yadi a bi layinsu da almakashi, ko makaho ya bi zai fitar da riga. Guda ɗaya ce ta rage, tsohuwar yayi. Rigar hoton ba ta da hannu, ga ta iya gwiwa, amma na ce wannan ba komai, zan ƙara mata tsawo in sa mata hannu ta musulunta.

A gida na zazzage ambulan. Takardu ne ruwan ƙasa, shara-shara, na yanyanka su na jera a teburin kicin: ta gaba, ta baya, ta siket, ta wuya. Na yanka gaban rigar a atamfa, ya fita tsaf, har na ɗauki hoto na tura wa mata. Daga nan na bar sauran a wurin na tafi kitso.

Ashe ran nan maigida ya tashi da marmarin gida. Ya sayo nama, ya hura gawayi a bayan gida, ya yi tsire, da ma shi ne gwanin abokansa. Na dawo na tarar da teburi fes, an goge shi har yana ƙyalli.

Na ce, "Malam, ina takarduna?"

Ya ce, "Waɗanne? Au, takardun naɗe nama? Kai, Allah ya yi miki albarka. Tun da na zo ƙasar nan nake neman irinsu. A ina kika samo?"

Na zauna a ƙasa. Mutumin nan da ke rubuta littafin digiri ya kalli takarda mai layuka da lambobi da kibiyoyi, bai ga komai ba sai mai tsiren bakin tasharsu. Ya naɗe naman ƙulli-ƙulli da albasa da yaji, ya bi gidajen abokai ya raba.

Ai kuwa muka shiga mota. Ba na jin akwai kunyar da ta kai ka yi sallama a gidan mutum ka ce ya dawo maka da takardar tsiren da ka ba shi kyauta. Wani ya zaro mana siket daga kwandon shara. Wani muka same shi yana kan ci, ya juye naman a faranti ya miƙo mana wuyan riga yana lasar yatsa. Na ƙarshe, wani Alhaji, ya saurare mu da natsuwa, sannan ya ce, "Wallahi Hajiya, na hura wutar shayi da ita." Bayan rigata ke nan ya tafi.

Na goge waɗanda suka tsira da dutsen guga, gidan ya gume da ƙamshin ƙuli-ƙuli. Saura baya. In na kai wa Anti, gobe duk gari ya ji. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ba ta zuwa sai ga wanda ya rasa mafita: ai mutum ɗaya ne gaba da baya, bari in sake ɗora takardar gaba in yanka bayan da ita. Haka na yi, har da ɗan tsukin nan da ake yi don ƙirji ya samu wurin zama. Ban kawo komai a raina ba sai da na saka na juya a madubi. Ga ƙirji a gaba, ga wani a baya, tsakanin kafaɗuna, ya tsaya cak yana jiran mai shi. Maigida ya buɗe baki, na ce in ya yi dariya sai ya koma cin burodi har ya gama digirin. Ya fita waje ya yi abarsa.

Ranar suna na yafa babban mayafi na rufe bayan. Zafi kamar a gasa mutum, kowa ta sauke gyale a kafaɗa, ni ina ƙudundune ina zufa. Anti ta matso ta shinshina, ta ce, "Madam, wane turare ne wannan? Tun da kika zauna nake jin yunwa." Ta ɗaga gefen mayafin don ta ga ɗinki, sai ta ce, "To ke yanzu zuwa kike ko tafiya?" Mata suka kwashe da dariya har mai jego tana riƙe ciki. Ni ma na yi, amma hawaye ne ya kusa zubo mini, don na ji kunya ƙwarai.

Ana shirin ɗaukar hoton 'yan anko, sai tiren zoɓo ya kife daga hannun mai rabo, ya wanke mu mu uku da ke gaba, har da Anti. Su biyun suka koma bayan layi suna ɓoye ƙirji da jaka. Ni kuwa na shiga banɗaki, na zare hannuwana, na juya rigar, na saki mayafi a kan jan tabon, na fito fes. A tsakiyar hoton nake, kusa da jaririya. Anti tana can baya, kanta kawai ake gani.

Abin da na koya shi ne, in ban iya abu ba, in faɗa tun bakina bai kai ni inda almakashi zai tona mini asiri ba. Na biyu kuma, wanda na fi riƙewa, duk takarda ruwan ƙasa da ta shigo gidana a ƙarƙashin katifa take kwana, muddin akwai Bahaushe da gawayi a kusa.